Sifikokin Advent na marigayi Baba: a gyara su ko a sauya musu ciki?

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna kwashe kayan ɗakin ajiya a gidanmu na Zariya sai na ci karo da manyan sifikoki biyu na marigayi mahaifinmu, waɗanda ya dawo da su daga karatu a Amurka a 1976. An rubuta Advent a jikinsu. Soson da ke kewaye da babbar sifikar ya ruɓe, akwati ɗaya ya sha ruwa ta ƙasa, saman ɗayan kuma duk shatin kofi ne. Mai gyaran rediyo ya ce a cire na ciki a sa sababbi, a huda akwatin don bes ya fito. Kafinta kuma ya ce zai goge da inji ya fesa banish. Me ka gani, Malam?

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Abu na farko, ka dakatar da mutanen nan biyu, kada a ɗauki akwatunan zuwa shagon kowa tukuna. Ba cutarka suke nufin yi ba. Mai gyaran rediyo hannunsa ya saba da sifikokin biki da na masu tallan magani, inda abin nema shi ne ƙara ta kai bakin titi. Shi kuma kafinta ƙofa da gado yake gogewa, katako mai kauri wanda ko inji ya ci kaɗan ba a gani. Abin da ke hannunka wani iri ne daban, kuma duka shawarwarin biyu aikin da ba a warwarewa ne: ramin da aka huda ya hudu, fallen katakon da inji ya cinye kuma ba ya sake tsirowa. Irin wannan ake kira gyaran gangar Auzinawa.

Bari in gaya maka abin da Baba ya bar muku. Wanda ya tsara sifikokin nan sunansa Henry Kloss. Shi da malaminsa Edgar Villchur suka kafa kamfanin Acoustic Research a 1954 a garin Kambirij na jihar Masachusets. Daga baya Kloss ya fita aka kafa KLH da shi a 1957, sannan ya kafa Advent a 1967. Abin mamaki ma, ba sifika ya yi niyyar ƙerawa a Advent ba. Talabijin mai haska hoto a babban allo yake nema, sai ya fito da sifika a 1969 don ta samo kuɗin wancan aikin, ita kuwa sai ta fi talabijin ɗin yin suna, saboda tana ba da sauti irin na masu tsada a kuɗin da ɗalibi zai iya tarawa. Tunda a 1976 aka zo da su, ina kyautata zaton samfurin farko ne. Cire ragar fuskar ka duba. In wufar, wato babbar sifikar ƙasa, tana da wani faffaɗan zobe na matsattsen kwali mai ruwan ƙasa tsakanin ƙarfenta da soson, tuwitar, wato ƙaramar sifikar sama, kuma ta yi kama da soyayyen ƙwai a bayan ragar ƙarfe, to su ne. A baya za ka ga ɗan makunni mai matsayi uku na ƙara kaifin sauti ko rage shi.

Dalilin da ya sa na hana hudawa shi ne ainihin dabarar da aka gina akwatin a kanta. Ɗauki sirinji marar allura, ka toshe bakinsa da yatsa, ka danna. Za ka ji iskar da ke ciki tana turo ka baya. Villchur ya lura cewa iskar da aka kulle ta fi kowane soso ko ƙyalle iya mayar da mazurarin sifika, wato takardar nan mai siffar mazurari da ke rawa ta ba da sauti, mazauninsa daidai wa daida. Sai aka yi wufar sakwa-sakwa da gangan, mai nauyi, mai doguwar tafiya gaba da baya, aka bar wa iskar akwatin aikin riƙe ta. Shi ya sa akwati madaidaici yake iya fitar da bes mai zurfi wanda a da sai akwati kamar firji. Ka huda shi, ka cire yatsanka daga bakin sirinjin ke nan: wufar za ta dinga lilo babu mai tare ta, bes ya zama buguzum-buguzum marar kan gado, kwayil kuma, wato naɗin siririyar wayar da ke gindin mazurarin, ya dinga dukan gindin maganaɗisu har ya lanƙwashe. Sabuwar wufar kasuwa kuwa an yi ta da tauri ne don akwati mai rami. Ka kulle ta a wannan akwatin, taurinta ya haɗu da na iska, zurfin nan ya ɓace gaba ɗaya. Za ka sami ƙara, amma Advent ta tafi, sai sunan da ke manne a raga.

Ruɓewar soson kuma kada ta tayar maka da hankali. Wannan irin soso danshi da zafi suna cin sa a hankali ko ana amfani da sifika ko ba a yi, yawanci cikin shekara 15 zuwa 20 ya gama. Ka taɓa shi ka ga yadda yake marmashewa kamar tokar takarda, ya bar maka baƙin danƙo a yatsa. Tsufa ne kawai, kuma shi ne ciwon da ya fi sauƙin magani a jikin sifika. Sharaɗi ɗaya: kada ka jona su da amfilifaya "don a ji ko suna yi". Babu soso, babu mai tsayar da kwayil a tsakiya, waƙa ɗaya mai ganga ta isa ta kankare shi.

Gwajin da za ka yi ba ya buƙatar wutar nefa. Kwantar da akwatin rigingine a kan bargo, ka kwance sukurorin wufar. Za ta ƙi tasowa domin an liƙe bakinta da wani abu mai kama da ƙullu don kada iska ta fita. Sa bakin sukundireba ƙarƙashin ƙarfen, kana ɗagawa kaɗan-kaɗan kana zagayawa. Ka riƙe sukundireban da hannu biyu. Maganaɗisun yana fizgar ƙarfe, kuma na ga mazurari fiye da ɗaya da ya tsira daga shekara arba'in na ajiya ya zo ya mutu a hannun mai gyara cikin daƙiƙa ɗaya. Kafin ka cire waya ko ɗaya, ɗauki hoto da wayarka, ka ga wace launi ta tafi ina. In abin da ke cike da akwatin mai kama da auduga ne, to zaren gilashi ne, yana sa ƙaiƙayi yana kuma shiga huhu, saboda haka ka sa safar hannu da takunkumi. Kada ka zubar da shi, yana cikin lissafin sautin. Zuba na kowane akwati a ledarsa daban. In ka tarar ɓera ya yi gida a ciki ya jiƙa shi da fitsari, nan kam sai a sauya da sabo, gwargwadon yawan na da.

Sai ka sa mita a ma'aunin om ka taɓa bakunan wufar biyu. Sifikar da aka rubuta wa om 8 takan nuna ƙasa da haka a mita, tsakanin 4 da 7, kuma hakan lafiya ne. Abin lura shi ne wufofin biyu su nuna kusan abu ɗaya. In mita ba ta motsa ba, duba siraran wayoyin nan biyu masu kama da kitso da suka taso daga bakin zuwa mazurari, sau da yawa a nan aka tsinke, kuma dalma kaɗan ta gyara. Daga nan ka taɓa batir ɗin tocila mai bolt 1.5: za ka ji "ɗum", mazurarin ya motsa. Ka lura da bakin da in ka sa masa kan batir mazurarin yake turowa waje, wannan shi ne bakin ja, ka yi masa alama. Na ƙarshe, buɗe yatsunka kewaye da hular tsakiya ka danna a hankali, daidai ta kowane gefe. Shiru ake so. In ka ji ɗan ƙarar gogayya, karkata matsin kaɗan ka sake. In akwai wani tsayuwar da shirun yake samuwa, rashin soso ne kawai. In kuwa ta ko'ina "ƙar-ƙar" kake ji, ko ka shinshina ka ji ƙauri, kwayil ya ƙone ko ya kumbura. Masu naɗin kwayil suna iya naɗa wani, amma sai kaurin waya da tsawon naɗin sun zo daidai da na asali, abin da ba kasafai ake dacewa ba. Ni na fi son a nemo tsohuwar wufar Advent irinta daga waje ko da za a jira wata biyu. Tuwita kuma mita kawai za ka sa mata bayan ka cire waya ɗaya, ban da batir, domin wayarta siririya ce kamar gashi.

In duka huɗun, wufa biyu da tuwita biyu, suna da rai, ka ci riba, sauran aikin haƙuri ne.

Soson da za ka saya shi ne inda mutane suka fi faɗawa rami. Akwai zobban soso da na roba a kasuwannin kayan lantarki irin Sabon Gari a Kano da Alaba a Legas, amma na sifikokin biki ne, masu kauri da tauri, kuma girman ma ba zai zo daidai ba, don wufar Advent baƙuwar halitta ce: ƙarfenta na inci 12 ne, mazurarinta kuwa na ajin inci 10, wancan zoben kwalin shi ne ya cike tazarar. Ka nemi wanda aka yi musamman don Advent mai zoben kwali. Ana sayar da shi ta intanet a Amurka da Turai, yawanci tare da gam ɗinsa, kuma ba shi da nauyi, ɗan'uwa mai dawowa zai iya sako shi a jaka. Ka sayi uku ko huɗu maimakon biyu, hannun farko yakan yi kuskure. Za a ce maka roba ta fi daɗewa. Gaskiya ne, amma ta fi nauyi da tauri, kuma mun riga mun ga cewa laushin nan shi ne sirrin. Gara soso da za a sake bayan shekara 15.

Kafin ka kankare tsohon, ka duba da kyau ka ɗauki hoto: a saman leɓen mazurari aka manna shi ko a ƙasa, a fuskar zoben kwali ko a bayansa, tudunsa waje ya kalla ko ciki. Yadda ka same shi haka za ka mayar. Kankarewar ita ce rabin aikin. A kan zoben ka yi amfani da reza a kwance, kada ka sassaƙi kwalin. A kan leɓen mazurari kuwa ajiye rezar, ka tallafe shi ta ƙasa da yatsun hagu, ka dinga murza ragowar soson da babban yatsan dama har ya dunƙule ya faɗi. In ya yi gardama, ɗan diga sifirit a auduga ka shafa, kaɗan dai, domin takarda ce, in ta jiƙe ta saki. Ba sai ya yi fes kamar sabo ba, ya dai zama babu marmashi babu tudu.

Gam kuma fari ake so, mai ruwa, wanda in ya bushe yana lanƙwasuwa, kuma yana ba ka mintuna kana gyara zama kafin ya kama. Sufa gulu yana ƙona soso ya bushe kamar gilashi. Gam ɗin masu gyaran takalmi kuwa ni kaina ya taɓa koya mini hankali. Ina sabon shiga, na shafa shi gefe biyu yadda ake yi wa takalmi, na ɗora soson, ya cafke nan take a karkace. Ko da na danna mazurarin sai na ji kwayil yana gogar ƙarfe, kuma babu halin matsawa ko da kaurin farce. Sai da na yage sabon soso na sake kankara daga farko, mai sifika yana zaune a benci yana kallona, bai ce uffan ba, wanda ya fi zagi ciwo.

Ga yadda ake yi. Fara da ciki: shafa gam siriri a leɓen mazurari da leɓen soson na ciki, ka ɗan jira ya fara danƙo, ka ɗora, ka bi da yatsa kana dannawa kana tallafe ta ƙasa, zagaye bayan zagaye, har ya daina ɗagowa. Bar shi awa ɗaya ko biyu. Leɓen waje shi ne mai hukunci, domin shi zai tsayar da kwayil a tsakiyar ramin maganaɗisu, ramin da tazararsa ba ta wuce kaurin 'yan takardu ba. Hanya biyu ce. Wasu suna yanke hular tsakiya su cusa siraran fallayen roba kewaye da kwayil su tsayar da shi, in an gama su manna hular. Hanya ce tabbatacciya, amma ga wanda bai saba ba yankan hular ma wani haɗari ne, ga ƙura da ke samun ƙofar shiga. Ni abin da nake yi: in sauke manhajar da ke fitar da sauti tsagwaro a waya, in sa ta a kan 30 zuwa 40 na ma'aunin Hertz, in bi da ita ta amfilifaya da ƙaramin ƙarfi, yadda mazurarin zai dinga rawa a hankali. Yana cikin rawar nan zan shafa gam ƙarƙashin leɓen waje in fara dannawa, gabas da yamma, sannan kudu da arewa. Kunne shi ne alƙali. In ka ji kaɗawar iska kawai, kana daidai. In ka ji "zzz" ko "tak-tak", ja soson kaɗan zuwa wani gefe har ya yi shiru, sannan ka danne sauran. Maƙalan shanya suna taimakawa wajen riƙewa. Ka bar su kwana guda cur kafin ka sake taɓawa.

Yayin da suke bushewa, leƙa cikin akwatin. A bayan inda wayoyi suke shiga akwai 'yan kayan da ke raba sauti, masu kauri su tafi wufa, masu kaifi su tafi tuwita: naɗin waya, resista, da kafasita. Naɗin waya ba ya tsufa, resista ma in ba ta ƙone ba a bar ta. Kafasita ce ke bushewa da shekaru, ƙimarta ta kauce, sai ka ji sifika ɗaya ta dushe kamar an rufa mata bargo, ko kuma ta bar sauti mai kauri ya kai ga tuwita ya kashe ta. Karanta lambar da ke jikin taka ka sayi daidai ita, domin kamfanin ya sauya ƙimar a tsakanin shekaru, abin da wani ya gani a tasa ba lalle ne ya zama naka ba. Dole ta zama marar kai da gindi, wato wadda ba ta da gefen ja da baƙi, mai ɗaukar bolt 100 ko fiye. Irin mai zanen layi a gefe da ake cirewa daga tsohuwar rediyo ba ta yi a nan. In ba ka sami ƙimar a guda ɗaya ba, haɗa biyu kafaɗa da kafaɗa, ƙimarsu taruwa take yi: 8 da 8 sun ba ka 16. Abin da ka yi wa akwati ɗaya ka yi wa ɗayan, ko da nasa yana aiki. Makunnin baya kuma fesa masa ruwan wanke mahaɗar lantarki ka kaɗa shi sau ashirin ko talatin. Tuwita da yawa da aka yanke wa hukuncin mutuwa, tsatsar makunni ce kawai ta toshe musu hanya. Wannan ɓangaren in ba ka iya dalma ba, shi ne za ka kai wa mai gyaran rediyon naka, ka zauna kusa da shi.

Ɗaura komai na wucin gadi ka saurara a hankali na 'yan mintuna. Sai ka tabbatar duka suna magana sannan ka shiga aikin katako, kada ka ɓata mako kana yi wa gawa kwalliya. In sun yi, sake kwance su ka kai wani ɗaki, ka rufe da ƙyalle.

Akwatin nan ba katako zalla ba ne. Matsattsiyar dusar katako ce aka lulluɓe da fallen katakon wolnot wanda kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba. Akwai ma samfurin mai rahusa da aka lulluɓe da leda mai zanen katako. Duba gefen baya inda lulluɓin ya ƙare, ka kuma shafa: katako yana da ƙananan ramuka da farce ke ji, zanensa ba ya maimaituwa, leda kuwa sumul take. In leda ce, tsumma mai ɗan danshi da sabulu, a manne inda ya ɗago, shi ke nan, samfefa ba ta da aiki a wurin. Tunda ka ce kofi ya bar shati, ina zaton katako ne.

Fara da wanda ya sha ruwa. Dusar katako in ta kumbura ba ta komawa da kanta. Bar shi ya bushe sarai a inuwa, ban da rana. Ka duba ko gara ta shiga: ƙwanƙwasa da yatsa, in ka ji holoƙo ko ka ga hanyar ƙasa, sai an kashe ta tukuna. In kumburin kaɗan ne, sirka farin gam na kafinta da ruwa kaɗan, ka ɗura shi da sirinji cikin inda ya buɗe har ya ƙoshi, ka shimfiɗa leda, ka ɗora katako miƙaƙƙe ta gefe biyu, ka matse da abin matsewar kafinta kwana guda. Ledar don kada katakon ya manne ne. Haka za ka yi wa duk inda falle ya ɗago, wanda hunturunmu ya ƙware wajen jawowa. In gindin ya zama gari, yana zuba in an taɓa, nan ne kafinta zai yi amfani: ya yanke ruɓaɓɓen ya dasa sabon katako daidai kaurin na da, ba tare da ya rage faɗin cikin akwatin ba. Bayan haka bi duk kusurwoyin ciki da gam, domin ruwan da ya kumbura katako ya buɗe wa iska hanya.

Wanke jikin da tsumma da ɗan farin sifirit na masu fenti, ka ga irin dauɗar da za ta fito. Wani lokaci rabin abin da ka ɗauka tabo ne a tsumman zai tafi. Inda aka buge ya lotsa ba tare da ya yage ba, ɗora jiƙaƙƙen ƙyalle ka taɓa da bakin dutsen guga mai zafi na daƙiƙa kaɗan, tururin yana tayar da zaren katakon. Kada ka daɗe, zafi yana sakin gam ɗin da ke riƙe da fallen. Shatin kofi iri biyu ne. Fari yana sama-sama, yakan tafi da guga mai sauƙi da mai. Baƙi ya shiga cikin katakon, maganinsa sinadarin oksalik asid da ake jiƙawa a ruwan ɗumi a shafa. In za ka sa shi, shafe saman gaba ɗaya don kada wuri ɗaya ya yi fari, ka goge da ruwa bayan ya bushe, da safar hannu, nesa da yara, guba ne. In bai samu ba, ni da zan bar shatin. Kofin Baba ne ya yi shi.

Samfefa da hannu, lamba 220 sannan 320, a naɗe a jikin ɗan katako mai lebur, kana bin tsawon zanen katakon, ban da gicciye. Ka sassauta hannu a baki-baki da kusurwa, nan fallen ya fi saurin hudewa. An taɓa kawo mini wasu da aka bi da inji, kowace kusurwa ta yi fari tas, dusar ciki ta leƙo kamar gwiwar yaro a tsohon wando, babu abin da zan iya sai sake lulluɓe su da sabon falle, wanda ya fi kuɗin soso sau da yawa. Da zarar launi ya daidaita, tsaya. Soson ƙarfe na goge tukunya kuma kada ya kusanci wurin da sifikokin suke, ɓurɓushinsa maganaɗisu yake nema, in ya shiga ramin kwayil ba ya fita.

Mai aka shafa musu tun asali, shi ya sa suke da wannan kyan mai taushi marar ƙyalli. Banish mai kauri zai mayar da su kamar teburin gidan abinci. Nemi dafaffen man linsid a wajen masu kayan fenti, ko wanda ake kira man Danish. Shafa da tsumma, bar shi minti 15 ya sha, sannan ka goge duk abin da ya rage a sama har ya zama ba ya kama hannu. Wanda aka bari a sama danƙo yake zama, ƙura ta manne. Kwana guda tsakanin shafa da shafa, sau uku ya isa. Bayan mako guda ka bi da kakin zuma kaɗan ka goge da tsohuwar riga mai laushi. Man gyaɗa, man ja, baƙin mai, duk na ga an gwada. Ba sa bushewa, suna yin wari, kyankyasai kuma su samu wurin kiwo. Tsumman da ya sha man linsid kada ka dunƙule shi ka jefa a kwandon shara, yana iya ɗaukar zafi ya kama wuta da kansa. Shanya shi a buɗe a waje, ko ka tsoma a ruwa. Ka yi aikin a ɗaki rufe, ka yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta, musamman in hazo ya sauka. A tsakiyar damina kuma ka ƙara wa kowane mataki kwana.

Yadin raga in bai yage ba, buroshi mai laushi da kumfar sabulu kaɗan, kada ka jiƙa allon da ke bayansa, yana kumbura. In sauyawa za ka yi, ɗaga sabon yadin ka hura: in iska ta wuce ba wahala, sauti ma zai wuce. Ɓamɓare 'yar alamar Advent a hankali ka mayar da ita.

Wajen haɗawa ta ƙarshe, mayar da zaren gilashin a sake, kada ya taɓa bayan mazurari. Kankare tsohon ƙullun bakin wufa da na tuwita, ka sa sabon abin toshe iska, siririn tef mai soso irin na bakin taga yana yi. Ɗaure sukurori gicciye, kaɗan-kaɗan, kada ka ƙure, dusar katako ba ta jure ƙarfi. Ramin da ya kwaɓe ka cusa masa tsinken ashana biyu da gam, ya bushe, ka sake ɗaurawa. Sannan gwajin da ke nuna ko aiki ya yi: danna mazurarin a hankali ka saki. In ya dawo sannu-sannu kamar mai jin nauyin jiki, akwatin ya kulle. In ya yi tsalle ya dawo nan take, iska tana fita ta wani wuri, sa sautin nan mai zurfi ka bi bakunan da bayan hannu mai danshi har ka ji inda take hurowa.

Su sifikokin ba ruwansu da bambancin wutar Amurka da tamu, amma in amfilifayar Baba tana nan, mai yiwuwa ta bolt 120 ce, kada a jona ta da 230 sai da na'urar rage wuta, kuma a sa mita a bakunanta a tabbatar ba ta fitar da wuta tsayayya, ƙasa da milibolt 50 ake so. Advent tana da cin wuta, ka ba ta amfilifaya mai wat 40 zuwa 60 a kowane gefe. Ƙaramar da aka ƙure wa murya har sauti ya fara tsagewa ta fi babba saurin ƙona tuwita. Wayar tagulla ta talaka mai kaurin murabba'in milimita 1.5 ta wadatar, ja da ja, baƙi da baƙi. Kwanakin farko ka bi su a hankali soson ya saki. Ka fara gwadawa da muryar mai karanta labarai: ya kamata ka ji shi tsaye a tsakiyar akwatunan biyu. In muryar ta watse, bes kuma ya yi ƙaranci, waya ɗaya ta juye a wani wuri, koma kan alamar da ka yi da batir.

Ka sa kafintan ya yi maka 'yan kujeru biyu masu ƙarfi, tsayin kamar taƙi ɗaya, ka ɗora su a kai, bayansu kusa da bango, nesa da taga. Tuwita za ta matso daidai kunnen mai zaune, ruwan goge ɗaki kuma ba zai sake kai ga gindinsu ba.